Tarihin Noman Ciyawar Teku a Zanzibar

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin Zanzibar, abin da zai fara cin karo da shi shi ne labarin kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi, da kuma sarautar Sayyid Sa'id ɗan Sultan, wanda ya taso da fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman ya kafa ta a wannan tsibiri wajen shekarar 1840, ya kuma matsa wa masu gonaki da dashen kanumfari har tsibiran Unguja da Pemba suka zama su ne ke wadata kasuwannin duniya da shi. Amma akwai wata sana'a, ƙarama a idon marubuta tarihi, babba a gidajen talakawa, wadda ko shekara arba'in ba ta cika da kafuwa ba, alhali kuwa ta sauya zaman iyali a ƙauyukan bakin teku fiye da yadda dokokin hukuma da yawa suka iya. Wannan sana'a ita ce noman ciyawar teku, wadda mutanen wurin ke kira mwani.

Ita dai ciyawar teku, ko da yake an laƙaba mata sunan ciyawa, ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya; abin da Allah Ya hore mata kawai shi ne wani ɗan gindi da take kama dutse ko murjani da shi, sauran abincinta kuwa da dukan jikinta take shansa daga ruwan gishiri da hasken rana. Masana ilmin halittu sun kasa ta gida uku bisa ga launi, wato koriya da ruwan ƙasa da ja, kuma kowane gida yana da mazauninsa. Koriya ta fi son wuri marar zurfi inda rana ke dukanta. Daga cikinta akwai Ulva mai faɗin ganye, da Caulerpa mai ƙananan ƙwallaye wadda mutanen Filifin ke ci ɗanya, da Halimeda mai tara alli a jikinta, wadda idan ta mutu ta ruɓe sai ta koma farin yashi. A cikin mai ruwan ƙasa babu shahararriya kamar Sargassum, wadda tun daga 2011 take tasowa daga tsakiyar Tekun Atlantika tana jibguwa a gaɓar Saliyo da Ghana da Nijeriya tana cika wa masunta taru. Ja kuwa ita ta fi yawan iri a tekunan ƙasashe masu zafi, ita ce kuma aka gina tijara a kanta. Ba kowace gaɓa ce ta sami rabo ɗaya ba, domin inda manyan koguna ke kwararo da laka da ruwan daɗi, kamar bakin Kwara, ciyawar ba ta samun abin kamawa ko hasken da take bukata, amma inda murjani ya yi shinge ya tare haukan igiyar ruwa, nan take yabanya.

Irin wannan shinge Allah Ya yi wa gabashin Unguja. A ƙauyuka kamar Paje da Jambiani, idan wata ya tsaya ko ya cika, teku kan ja da baya wata irin ja mai ban mamaki, har ta bar fili mai nisan tafiya, ruwansa bai wuce gwiwa ba, garau kamar an tace. Ƙasar tudu kuwa a wannan sashe duwatsun murjani ne da 'yar ƙasa kaɗan a tsakaninsu, kanumfari ba ya yi, shinkafa ba ta yi, saboda haka arzikin da ya gina benayen birnin Zanzibar bai taɓa sauka nan ba. Maza suna su, suna kuma cusa koriyar ciyawa a cikin kwandunan kamun kifi da suke kira madema don ta jawo musu kifi. Mata kuwa suna tsintar katantanwar ruwa, suna farautar dabbar nan mai hannuwa takwas da suke kira pweza, suna kuma binne ɓawon kwakwa a cikin jiƙaƙƙen yashi wata da watanni, in ya yi laushi su tono, su bubbuga, su tufka igiya, aiki mai cin jiki wanda ladansa bai taka kara ya karya ba.

Dalilin da ya sa wannan ciyawa ta yi daraja ba a Zanzibar ya samo asali ba. Tun ƙarni na 17 mutanen Japan suka gano yadda ake dafa wata jar ciyawa a fitar da wani abu mai daskarewa da ake kira aga, wanda a farkon shekarun 1880 wata mata mai suna Fanny Hesse ta ba mijinta shawarar ya gwada shi wajen renon ƙwayoyin cuta, a lokacin da yake aiki tare da shahararren likitan nan na Jamus, Robert Koch. Har yau kuwa a kansa ake renon ƙwayoyin cuta a ɗakunan gwaji na asibitoci. Mutanen Ailan su ma sun daɗe suna dafa tasu jar ciyawar da madara don ta yi kauri, kuma daga gare ta aka fara fitar da sinadarin karajinan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke hanyar samun aga daga Japan, sai masana'antun Amurka da na Turai suka karkata ga karajinan, suka tarar da cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana hana madarar gwangwani rabuwa, yana riƙe man goge baki kada ya tsinke, yana kuma gyara askirim da nama na gwangwani. Ga Musulmi ma akwai wata fa'ida a ciki, domin abu ne na tsiro, babu shubuhar da ke tattare da irin kaurin da ake fitarwa daga fata da ƙashin dabbar da ba a san yankanta ba.

Da bukata ta yi yawa, sai dillalai suka bazama neman jar ciyawa a duk inda take, har suka iso gaɓar Afirka ta Gabas. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 20 ana tsintar wani iri da ake kira Eucheuma a tsibiran Unguja da Pemba da Mafiya, wanda ya fito da kansa ko wanda igiyar ruwa ta watso, a shanya, a cusa a buhu, a tura Turai. Wannan ciniki bai yi ƙarko ba, saboda abin da ake tsinta ba a shuka shi ba, yana zuwa da yashi da tarkace, kuma ba a iya yi wa mai saye alkawarin yawansa. Ana cikin haka wani malamin Jami'ar Hawai mai suna Maxwell Doty, da taimakon wani kamfanin Amurka da abokan aikinsa na Filifin, cikinsu har da Vicente Alvarez, suka yi ta gwaji har suka gano yadda za a noma ciyawar a kan igiya. A farkon shekarun 1970 noman ya kankama a tsibiran Sulu na kudancin Filifin, inda galibin mazauna Musulmi ne masu zaman bakin ruwa, kuma ba a jima ba kayansu, mai tsabta da araha, ya kashe kasuwar masu tsinta, na Zanzibar da na sauran wurare.

Sai dai daga inda cutar ta fito, daga nan maganin ya biyo. Wani ɗan Tanzaniya, Keto Mshigeni, ya yi karatun digirinsa na uku a Hawai, ya ga abin da ake yi da idonsa, ya komo Jami'ar Darussalam yana ta kira, da Turanci da Swahili, cewa tekun ƙasarsa gona ce da ba a nome ba. A shekarun 1980 aka yi gonakin gwaji da irin gida, amma bai yi saurin girman da zai riƙe ciniki ba. A daidai wannan lokaci kuma farashin kanumfari ya faɗi warwas, domin Indunusiya, wadda ita ce babbar mai saye, ta dasa nata ta wadatu, hukumar Zanzibar kuwa ta shiga neman abin da zai kawo mata kuɗin waje ido rufe. A 1989 kamfanoni masu zaman kansu suka shigo da iri daga Filifin suka dasa a Paje da Jambiani. Iri biyu aka dogara da su: wanda 'yan kasuwa ke kira spinosum, mai ƙananan tsinaye a jikinsa, da wanda suke kira cottonii, mai kaurin reshe da santsi, wanda ya fi tsada saboda karajinan ɗinsa ya fi ƙarfin daskarewa. A 1990 abin da aka fitar bai wuce kimanin tan 800 na busasshiya ba. Bayan shekara ashirin ya haura tan 10,000, noman ya yaɗu zuwa Pemba wadda daga baya ta zarce Unguja, manoman kuma suka haura 20,000, mafi yawansu mata.

Yadda ake noman ba shi da wuyar fahimta, wuyarsa a jiki take. Mace za ta sassaƙa turaku ta kafa su sahu biyu a cikin yashin da ke ƙarƙashin ruwa, ta ja igiyar roba daga wannan turke zuwa wancan, sa'an nan ta zauna dirshan cikin ruwan, da zanenta da lulluɓinta, tana tsinko 'yan rassa tana ɗaura su a jikin igiyar da wani siririn zare mai laushi da suke kira taitai, tana barin tazarar taki ɗaya tsakanin kowane biyu. Ba taki, ba ban ruwa, ba huɗa. Teku ce ke ciyarwa. Bayan kamar mako shida reshen da bai cika tafin hannu ba ya zama dami, sai ta kwance, ta ware na iri, ta cusa saura a buhu ta jawo shi ko ta ɗauko a ka zuwa tudu, ruwan gishiri na zuba mata a fuska, ta shanya a kan ganyen kwakwa kwana biyu ko uku in rana ta yi, inda nauyinsa zai zube har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin takwas ko goma ba. Kuma da yake ba a shiga gonar sai teku ta yi babbar ja, wadda suke kira bamvua, sau biyu ke nan a wata, lissafin aikinsu duk a kan watan sama yake tafiya, wanda da shi suke azumi suke salla.

Abin da kuɗin nan ya aikata a cikin gidaje shi ne zuciyar wannan tarihi. Matar da a da sai ta miƙa hannu kafin ta sayi sabulu, sai ga ta tana ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta, tana sayen zannuwan kanga da tukwane, tana zuba adashi, wata ma ta sauya rufin ɗakinta daga ganyen kwakwa zuwa kwano. Maza da yawa sun taɓa noman da fari suka bari, domin sun saba da kuɗin kifi na yau da yau, ga kuma otal-otal na masu yawon buɗe ido da suka fara tsirowa a gaɓar suna ɗaukar ma'aikata, saboda haka a Unguja sana'ar ta zauna a hannun mata, ko da yake a Pemba, inda ruwan ya fi zurfi, maza ba su sake ta ba. Ba a rasa gidajen da aka yi ta-in-ta-in a kan wannan sabon hali ba, amma da yawan magidanta da suka ga nauyi ya ragu a wuyansu sai suka saki jiki, har ta kai ana jin muryar mace a shawarar gida fiye da da.

Amma fa ni'imar ta zo da sharaɗinta. Tun farko kamfani ne ke ba manomiya igiya da iri, a kan cewa shi kaɗai za ta sayar wa, shi ne kuma mai yanka farashi. Shi ma kamfanin ba shi da ta cewa a gaban 'yan masana'antun Denmark da Amurka da Faransa da Sin da ke tace karajinan, waɗanda in Zanzibar ta ɗaga murya sai su juya ga Indunusiya da Filifin masu ninkin kayanta sau da yawa. Al'amarin ya yi kama da na ƙaron da ake tsinta a Borno da Kurdufan, wanda ake fitarwa ɗanye a kan kuɗi ƙalilan, ya dawo a cikin lemon kwalba da ƙwayar magani da tsadarsa. Ga kuma abin da jiki ke biya: ciwon baya da ƙugu saboda sunkuyo da dakon jiƙaƙƙen buhu, raunin ido saboda ƙyallin rana a kan ruwa, da sukar ƙayar bushiyar teku da harbin kifi mai dafi.

Ibtila'in da ya fi girma kuwa ya fara bayyana ne a farkon shekarun 2000, sa'ad da zafin ruwan da ba shi da zurfi ya riƙa wuce abin da ciyawar ke iya jurewa, musamman daga Disamba zuwa Maris. Sai reshe ya yi fari fat kamar ƙanƙara, ya yi laushi, ya karye ya bi ruwa. Wannan cuta ita ake kira ice-ice. Cottonii mai tsadar nan shi ya fara mutuwa, har ya kusa ƙarewa a wurare da yawa, aka bar mata da spinosum mai arha. A nan ne aibin tushen sana'ar ya fito fili, domin tekun da Allah Ya zuba wa ɗaruruwan iri, an ɗora rayuwar dubban gidaje a kan biyu kacal, su ma baƙi, kuma da yake daga reshe ake dasa reshe shekara da shekaru ba tare da sabon jini ba, abin da ya kayar da gona ɗaya shi zai kayar da dubu.

Masana na gida ba su zauna ba. Dakta Flower Msuya, wadda ta daɗe tana bincike a Cibiyar Nazarin Teku ta Zanzibar, ta jagoranci kafa wata haɗaka ta manoma da masana da 'yan kasuwa a 2006, inda aka koya wa mata niƙa busasshiyar ciyawa su yi sabulu da man shafawa da abin sha da cincin, har garin da aka niƙa ya ninka kuɗin ɗanya sau da yawa. An kuma gwada kai gonakin cikin ruwa mai zurfi da sanyi, ana cusa irin a cikin dogayen ragogi masu kama da bututu, sai dai wannan yana bukatar kwalekwale da sanin iyo, abubuwa biyu da al'ada ba ta ba matan gaɓar ba, ga shi yanzu wasunsu da girmansu suna koyo. Hukuma ita ma ta ɗauki aniyar tace karajinan a Pemba maimakon fitar da kayan ɗanye. Ko waɗannan dabaru za su isa, zamani ne zai nuna. Amma abin da tarihin kanumfari da na mwani suka haɗu a kansa shi ne, ƙasar da ta noma abu ɗaya don mai saye ɗaya, ba ta tace ba, ba ta ci ba, ba ta kuma tanadi irin kanta ba, arzikinta aro ne, kuma ranar da mai shi ya so, ko yanayi ya juya, ranar zai karɓe abinsa.