Barkono: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida

Duk ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ban da shanu da raƙuma, ana cinikin busasshen barkono mudu-mudu, ya bi motocin Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ya shiga turamen mata. Sai ka ɗauka tun fil azal yana ƙasar nan, alhali baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meziko suka fara nomansa kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Bayan tafiyar Kolombus ta 1492 ne Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka hau da shi arewa.

Zafinsa kuwa ba don miyarmu ya samu ba. Sinadarin da ke ƙona baki, kafsaisin, ya fi taruwa a farin ɓargon da ke riƙe da 'ya'yan. Ɓera da ire-irensa suna tauna irin su lalata shi, don haka yajin ke korarsu. Tsuntsu ko a jikinsa: ya haɗiye 'ya'yan ba taunawa, ya je nesa ya kasayar da su, su tsiro. Masu bincike Joshua Tewksbury da Gary Nabhan sun nuna haka a 2001, da suka lura da barkonon daji a Arizona.

Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda Tewksbury da abokan aikinsa suka fitar a 2008 daga Bolibiya. A can, barkono iri ɗaya wani na da yaji wani babu. Ƙwari na huda 'ya'yan, fumfuna ta bi hujin ta ruɓar da irin. Inda damshi da ƙwari suka yi yawa, mai yaji ya fi yawa, domin kafsaisin na daƙile fumfunar. Inda ake fari, marar yaji ya fi samun wuri, don, kamar yadda suka gano daga baya, ya fi zuba iri da ruwa kaɗan.

Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta ke riƙe da tukunyar Bahaushe. Barkono ya sha gabansu don yana fita a fadama da bayan gida, ya bushe ya shekara bai lalace ba, talaka kuma na iya sayensa. Amma har gobe ba a haɗa wa mai jego yaji babu kimba da masoro.