Daga Almakashin Tela Zuwa Dodon da Ake Wasa da Shi

Yau dai mai karatu zai yi mini haƙuri, domin ba labarin soyayya na zo da shi ba. Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne autata, wadda ta shafe mako uku cur tana kuka a ƙofar makarantar nazare, ta ƙanƙame ni kamar za a kai ta mahauta. Da lallashi ya gagara, sai na ji bakina ya furta abin da aka saba faɗa mana muna yara, wato in ba ta yi shiru ba dodo zai zo ya ɗauke ta. Shirun kuwa ta yi, amma daren nan ba wanda ya runtsa a gidanmu. Kunyar abin da na yi ce ta sa na shiga binciken yadda wasu al'ummu suka yi da tsoron 'ya'yansu a cikin littafi.

Ashe su ma Turawa da dodon suka fara. A shekarar 1844 wani likita a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, mai suna Heinrich Hoffmann, ya zagaya kantuna yana neman littafin da zai saya wa ɗansa mai shekara 3, bai ga wanda ya kwanta masa ba. Sai ya sayi littafin rubutu ya zana nasa da hannunsa. Shi ne aka buga a 1845, ya shahara da sunan Struwwelpeter. To amma me ke ciki? Akwai yaro mai tsotsar yatsa, wanda tela ya faɗo ɗaki da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsu biyu. Akwai yarinyar da ta yi wasa da ashana ta ƙone ƙurmus, ga kuma wanda ya ƙi shan miya ya yi ta ramewa har ya mutu. Duk an zana su da launi, ga jini yana ɗiga. Iyaye suka yi ta rububinsa, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Ni dai ban ga bambancinsa da abin da na yi wa 'yata ba, illa shi nasa da hoto.

An fi shekara ɗari kafin wani ya juya akalar sosai. Maurice Sendak, wanda aka haifa a 1928 a birnin Niyok na Amurka, ɗan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Folan, kuma ya tashi yana yawan ciwo da fargaba. A 1963 ya fitar da Where the Wild Things Are, littafin da duk rubutun cikinsa bai kai kalma 400 ba. Yaro ne mai suna Max ya yi ɓarna, uwarsa ta kora shi ɗaki ba abincin dare. Sai ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya hau kwalekwale ya isa ƙasar dodanni masu farata da haƙora. Nan ne fa abin ya burge ni, domin yaron bai gudu ba, tsayawa ya yi ya zuba musu ido ko ƙiftawa babu, har suka rusuna suka naɗa shi sarki, suka kwana suna rawa tare. Da kewar gida ta kama shi ya dawo, ya tarar an ajiye masa abincinsa da zafinsa. Sendak ya sha faɗa cewa dodannin nan danginsa ne da ke zuwa gidansu ziyara suna jan kumatunsa. Wa ya rasa irin wannan gwaggo ko kawu?

Manya da yawa sun yi ca a kansa, wai zai firgita yara. Duk da haka ya ci lambar Caldecott a 1964, yara kuwa suka riƙe shi har yau. A nawa ganin, dalilin a fili yake. Dodon da ke bakin uwa ba shi da siffa ba shi da iyaka, yana girma cikin duhu yadda ya ga dama. Wanda ke kan takarda kuwa yaro na iya ƙirga haƙoransa, ya ɗora masa yatsa, in ya gaji ya rufe shi, kuma duk yana zaune a cinyar wanda ya amince da shi.

Batun yin ƙawaye ya biyo baya. Wanda ya fi kama da matsalar gidana shi ne Wemberly Worried na Kevin Henkes, na shekarar 2000. 'Yar ɓera ce mai damuwa da komai, ranar farko a makaranta ta rungume 'yar tsanarta. Malamar ba ta yi mata wa'azi ba, sai kawai ta nuna mata wata da ke raɓe a gefe, ita ma da tata 'yar tsanar.

Mu fa? Ba za a ce ba a yi komai ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fara fitowa a 1937, yana da zane jefi-jefi, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara mana Tatsuniyoyi da Wasanni. Sai dai waɗannan na wanda ya iya karatu ne. Mu marubutan da ake kira na kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980 muke zubo littattafai, amma launi a bango kawai yake tsayawa, saboda buga shafi 32 masu launi ya fi ƙarfin aljihun mai buga littafi da kuɗinsa, ga kuɗin mai zane. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma ban taɓa ko gwadawa ba, don haka ba ni da bakin kafa hujja da shi.

Abin da na iya shi ne na ɗauko littafin rubutu mai shafi 20 da fensir mai launi, kamar dai yadda likitan Jamus ya yi, na zana ɗan dodo mai tsoron zuwa makaranta don kada yara su yi masa dariyar ƙaho. Zanen ya yi muni, yayyenta suka ce akuya ce. Ita kuwa ta sa shi a jaka ta tafi da shi. Kukan bai ɗauke nan take ba, sai da aka ƙara kwana huɗu. Ran na biyar ta dawo ba littafin, wai ta ara wa wata yarinya da ke zama a bayan aji, kuma har yau ba a dawo mana da shi ba.