ZARE: Fim ɗin "42", shekarar 1947, da yadi 440 na Kano

1/ Jiya da daddare na dawo Dorayi daga aiki a Sharada, gari ba wuta, na kwanta na kunna wani fim a waya. Sunansa "42". Labarin ɗan wasan besbol ne a Amurka, wasan da ban taɓa kallo ba a rayuwata. Amma da ya ƙare sai na kasa barci, kakana kawai nake tunawa. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ga wanda bai san besbol ba: ɗan uwan kurket ne. Wani ya jefo ƙwallo, kai kuma ka make ta da kulki, ka zura da gudu ka zagaye tasha huɗu kafin a kamo ta. Shi ke nan a taƙaice. A Amurka ta shekarun 1940 babu wasan da ya kai shi farin jini.

3/ Fim ɗin ya fito a 2013. Marigayi Chadwick Boseman, wanda kuka sani a Black Panther, shi ya fito a matsayin Jackie Robinson. Harrison Ford kuma ya fito a Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers. 42 ɗin lambar rigar Robinson ce.

4/ Ga asalin labarin. A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga a babbar gasa. Daga nan aka rufe ƙofa. Sama da shekara 60 ba baƙin mutum ko ɗaya a manyan ƙungiyoyi. Kuma fa babu wata rubutacciyar doka da ta hana. Masu ƙungiyoyi ne kawai suka haɗa baki a tsakaninsu.

5/ Baƙaƙen fata ba su zauna suna kuka ba. Sun kafa nasu gasannin, da nasu ƙungiyoyin, da nasu 'yan kallon. A ɗaya daga ciki, Kansas City Monarchs, Robinson yake bugawa a 1945 lokacin da Rickey ya aika a kira shi.

6/ Robinson ba sanyi gare shi ba. A 1944, yana soja, direban bas ya ce ya koma kujerar baya, ya ƙi. Har kotun soja aka kai shi, aka wanke shi. To irin wannan mutumin Rickey ya kafa wa sharaɗi: za a zage ka, za a ci mutuncinka, kada ka rama. Ku auna nauyin wannan.

7/ Ya yi 1946 a ƙungiyar Montreal ta Kanada. Ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito fili da rigar Dodgers a Brooklyn. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya tsaya a bakin fili yana ɗura masa ashar. Wannan wurin a fim ɗin, wallahi sai da na dakatar na sha ruwa.

8/ Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na 1947, sannan gwarzon gasarsu baki ɗaya a 1949. A 1997 aka jingine lamba 42 a duk ƙungiyoyin babbar gasar. Yanzu duk 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa 42 yake sakawa.

9/ Nan fim yake so ka yi tafi ka tashi. Ni kuma a nan tambaya ta zo min: a wannan 1947 ɗin, me ake ciki a ƙasarmu? Mu da muke kallon wariyar launin fata kamar abin Amurka da Afirka ta Kudu ne kawai. To mu dawo gida.

10/ A farkon 1947, kafin Robinson ya fito fili, wani jami'in Ofishin Mulkin Mallaka na Landan mai suna Ivor Cummings ya sauka Legas. Mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa Baturiya. An kama masa ɗaki a otal ɗin Bristol. Da suka ga fuskarsa sai aka hana shi ɗakin. A Legas fa, ƙasar baƙar fata.

11/ Gari ya ɗauka. Jaridu suka yi ca, 'yan kishin ƙasa suka taso. Dole Gwamna Arthur Richards ya fito ya ce an daina wariya a wuraren jama'a. Daga nan aka fara cire sunan "na Turawa" daga jikin asibitoci. Ma'ana, kafin wannan lokacin abin a fili yake, har da allo a ƙofa.

12/ Yanzu Kano. Turawa sun ci garin a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Sai suka yanka ƙasa gida-gida: Birni na Kanawa, Sabon Gari na baƙi 'yan Kudu da sauran ma'aikata, Kwarori a gefen Fagge, su kuma Turawa suka ɗauki ɓangaren Nasarawa da Bompai.

13/ A tsarin Lugga na unguwannin Turawa, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, dole a bar fili fayau na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa. Kusan mita 400 ke nan. Hujjarsu wai sauro: kada ya ciji ɗan ƙasa ya ɗauko zazzaɓi ya kai wa Bature.

14/ Abin dariyar, kuku da boyi da mai gadi da mai barga duk a bayan gidan Baturen suke kwana. Ko sauron ya san su ne, oho. Asibiti ma biyu ne: na Nasarawa na Turawa, na cikin Birni na talakawa. Sunan unguwar ne daga baya ya koma GRA.

15/ Ina wasa ya shigo? A irin waɗannan filayen da aka bari a kewayen unguwannin Turawa aka fi shimfiɗa filin sukuwa, da na golf, da na ƙwallon dawaki. Fili ne na shaƙatawa, kuma shi ne katangar. Kulob-kulob ɗin da ke wurin na Turawa ne. Ɗan ƙasa yana shiga, amma da tire a hannu ko linzami.

16/ Kakana, Allah ya jiƙansa, da linzami ya shiga. Yana saurayi ya yi aikin barga a gidan wani Bature a Nasarawa. Shi ke yanko ciyawa, shi ke wanke doki, shi ke ɗaura sirdi. Ranar wasa ya ja dawakai zuwa fili, ya tsaya a gefe riƙe da na canji har a tashi.

17/ Ya sha ba mu labari a tsakar gida nan Dorayi. Ya ce da asuba shi yake hawa ya motsa dokin, ya san lokacin da zai juya tun kafin ya juya. Amma bai taɓa buga ƙwallo a wasa ba ko sau ɗaya. Yakan yi dariya ya ce, "Jikana, a filin nan doki ya fi ni gata." Muna yara muna dariya. Jiya ban yi dariya ba.

18/ Amma a nan labarinmu ya bambanta da na Amurka, kuma dole a faɗa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Ingila a 1921. Shi ya dasa ƙwallon dawaki a Katsina, 'ya'yansa da mutanen fada suka koya, suna karawa da hafsoshin Turawa.

19/ Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, har yau ana lissafa shi cikin gwanayen wasan da Najeriya ta taɓa yi. Wato tun Robinson yana yaro, Bahaushe yana shiga fili ɗaya da Bature yana cin sa. Abin alfahari ne, ba musu.

20/ Sai dai wane Bahaushe? Ɗan sarki. Mai barga yana nan a gefe da linzami. Layin Amurka launi ne zalla. Namu launi ne haɗe da sarauta da dukiya. Shi ya sa da Bature ya tafi a 1960 rabin layin ne ya tafi da shi, rabin ya zauna.

21/ Wasan da ya tsallake yadi 440 ɗin da gaske ƙwallon ƙafa ce, don ba ta buƙatar doki. A 1945 aka fara Kofin Gwamna, da ƙungiyoyin Legas kaɗai. A 1949 tawagar Najeriya ta farko ta je Ingila, yawancinsu ba takalmi, suka ci Marine 5-2 a wasan farko. Teslim Balogun yana cikinsu.

22/ Sai 1953: ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas 2-1 ta ɗauko kofin. Karon farko da ya zo Arewa. Za ku ga wasu suna rubuta wai Pillars ce. A'a, sai 1990 aka kafa Pillars, kuma sai 2019 ta ɗauki wannan kofin, shekara 66 bayan na farko.

23/ Ku lura da shekarar. A watan Mayun 1953 aka yi rikicin Kano, tsakanin mutanen Birni da Fagge da na Sabon Gari, aka rasa rayuka. Unguwannin da aka raba tun farko su suka fuskanci juna. A shekarar kuma sunan Kano ya hau kofin ƙasa. In wannan bai isa fim ba, me ya isa?

24/ Mu koma "42", don shi ma akwai abin da ya tsallake. Buɗe ƙofar ba rana ɗaya aka yi ba. Larry Doby ya shiga Cleveland a Yulin 1947, ya sha irin wahalar, ba wanda ya yi masa fim irin wannan. Boston Red Sox kuwa sai 1959 ta saka baƙar fata, bayan Robinson ya yi ritaya.

25/ Sannan Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson. Manyan ƙungiyoyi suka kwashe gwanaye, 'yan kallo suka bi su, gasannin baƙaƙe suka durƙushe. 'Yan wasa sun samu shiga, masu ƙungiya da koci-koci baƙaƙe sun rasa sana'a. Sai 1975 aka samu baƙar fata na farko da ya jagoranci babbar ƙungiya, Frank Robinson.

26/ Kuma sai 2020 hukumar gasar ta amince cewa waɗancan gasannin na baƙaƙe manyan gasanni ne. A 2024 aka haɗa alƙalumansu da na kowa, sai ga Josh Gibson a saman Ty Cobb. Gibson ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin a buɗe ƙofar. An iya yi masa adalci ne saboda an adana takardu.

27/ Mu fa? Yau ba mai hana ka shiga ko'ina a Kano saboda fatarka, alhamdu lillahi. Amma ku zo Dorayi da yamma ku ga yara. Filin da muka yi ƙwallo muna ƙanana an yanka shi fuloti. Yanzu a lungu suke bugawa, ana tsayar da wasa duk sanda adaidaita za ta wuce. Korayen filaye suna can inda Bature ya bar su.

28/ Ni dai na yi sakaci. Kakana ya rasu ban ɗauki muryarsa ko ta minti ɗaya ba, ga waya a hannuna. In kana da tsoho a gida da ya ga Kano ta shekarun 1950, ya yi barga, ko ya buga ƙwallo, ko ya je kallo kawai, zauna da shi wannan Juma'ar ka danna rikodin. Tambaye shi ina aka hana shi shiga, kuma wa ya fara shiga.

29/ Wanda yake da hoton 'yan wasan Kano na 1953, ko ɗan uwansa yana cikinsu, don Allah ya ajiye a ƙasan zaren nan. Zan tattara duk abin da aka turo wuri ɗaya kowa ya gani. Allah ya jiƙan magabatanmu.