GAZAWA, ZANGON MATAFIYA

'Yan'uwa, da yawa daga cikin yaranmu suna tsammani hanyar kwaltar nan da ta ratsa garinmu daga Maraɗi zuwa Damagaram ita ta fara kawo mana baƙi. To, tun ba a san mota ba a ƙasar nan Gazawa zango ce. Sai dai babbar hanyar wancan zamani daga arewa ta fito, ta bi ta Tasawa, ta faɗo garinmu, kana ta nufi Katsina da Kano.

Kowace shekara bayan kaka, ayarin Abzinawa yakan sauko da gishirin Bilma bisa raƙuma. Su sauke kaya a bayan gari, mata su fito musu da fura da tuwo, a yi cinikin gishiri da gero. A cikin irin wannan ayari ne wani Bature mutumin Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karimu, ya iso Gazawa a watan Janairu na 1851. Ya rubuta cewa ya tarad da garin kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi.

Dalilin wannan kafi sananne ne. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yiwo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gazawa ta kasance a bakin iyaka. Tsakaninmu da Katsina akwai ƙungurmin daji, inda kufan Ɗankama yake, mahara kuwa ba su rabuwa da shi. Saboda haka matafiyi ba ya shigarsa shi kaɗai. Sai ya kwana a nan, ya cika salkarsa, ya tambayi labarin hanya, ya jira ayari. Barth ma haka ya bi, ya isa Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi 'yan kwanaki a kan maganar gaisuwa, sa'an nan ya shiga Kano a watan Fabrairu.

Mu lura da wani abu: garin da ke cikin tsoron hari dare da rana, duk da haka yana saukar da baƙo, ya ba shi ruwa, ya nuna masa hanya. Wannan shi ne gādonmu.

Tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka kafa alamun iyaka, Katsina ta koma wata ƙasa. Daga baya mota ta ƙwace aikin raƙumi. Amma tafiya ba ta tsaya ba, sai dai yanzu mu ne baƙin. Samarinmu suna cin rani a Kano da Ikko, wasu har Aljeriya da Libiya, kuma kowane ɗayansu ya dogara ga wanda zai ce masa "Sannu da zuwa, ga ruwa."

Don haka ƙungiya tana roƙon abu biyu. Na farko, dattawan da suka ji labarin ayari daga bakin kakanninsu su zo a rubuta, tun suna da rai. Na biyu, duk baƙon da dare ya yi masa a tasha, kada a bar shi ya kwana a waje.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.