Baba Soja da Inna: tarihin da ke cikin akwatin ƙarfe



Kun dai ji rasuwar Baba Soja cikin damanar bana. Shi ne na ƙarshe cikin mazan jiyan garinmu da suka yi wa Faransa soja. Bayan addu'ar bakwai, Inna matarsa ta aika aka kira mu, ta turo mana wani tsohon akwatin ƙarfe, ta ce: "Mushe, ku da kuka yi lakwal, ku karanta mini abin da na yi shekara da shekaru ina tsaro." A ciki muka iske littafinsa na soja, da lambar yabo biyu, da jar hula da asu ya ci, da wasiƙu ɗaure da zare. Abin da muka karanta da abin da ta faɗa mana, su muka haɗa a nan.

Bari mu fara da yadda ake ɗaukar soja a zamanin Nasara. Tun 1857 Faransawa suka kafa rundunar baƙar fata a Senegal, shi ya sa suke kiran kowa 'yan bindigar Senegal, ko da mutum ɗan Damagaram ne. A 1919 aka yi dokar da ta sa aikin soja ya zama dole, shekara 3. Kumandan da likita su zo, sarkin kanto ya tara samari, a duba lafiyarsu, a jefa ƙuri'a. Dattawa sun san sauran: ɗan mai hali ba safai ƙuri'a ke faɗa masa ba, wasu kuma da dare suke tsallaka iyaka su nufi Daura. An kashe aikin tilas a 1946, amma ɗaukar soja ba ta tsaya ba.

A farkon shekarun 1950 ƙuri'a ta faɗa wa Baba, yana ango, ko wata 6 bai cika da aure ba. Daga barikin Damagaram aka kai su bakin teku, jirgin ruwa ya kai su Marsai. Daga baya ya sa hannu ya ƙara wa'adi, don albashin ya biya wa gidansu haraji. Nan aka tura shi Indoshin, inda Faransa ke yaƙi da mutanen Biyetnam tun 1946.

To, a nan tarihin Inna ya fara. Ba ta iya karatu ba, shi ma bai iya rubutu ba. Wani abokinsa ke rubuta masa da Faransanci, ita kuma ta taka da ƙafa har garin kanto ran kasuwa, mushen lakwal ya fassara mata. Ran 7 ga Mayu 1954 sansanin Diyan Biyan Fu ya faɗi, aka kashe sojan Faransa masu yawa, aka kama dubbai. Baba ba ya cikin sansanin, amma wa zai gaya wa mutanen ƙauye haka? Wasiƙa ta yanke. Labari ya bazu cewa duk wanda ya tafi Indoshin ya mutu. Iyayenta suka ce ta je wurin alƙali a raba auren, tunda ga masu nema. Ta ce: "In gawa ce, a kawo mini hularsa. In ba a kawo ba, ni matar aure ce." Ta ci gaba da noman gayaunarta, tana daka wa surukarta. Bayan damana biyu sai ga shi ya sauka daga mota, ya rame har uwarsa ba ta gane shi ba sai da ya yi magana.

Hutun bai daɗe ba. Yaƙin Aljeriya ya riga ya tashi tun 1 ga Nuwamba 1954, aka sake kiransa. Irin wannan hanya, Indoshin sannan Aljeriya, ita ce Janar Seyni Kountché ma ya bi kafin ya dawo cikin sojan Nijar. Baba bai so a tambaye shi zancen Aljeriya ba. Abu guda Inna ta ji daga bakinsa: wai ya ji kiran salla daga wani ƙauye da aka sa su kewaye, tun ranar zuciyarsa ta fita daga aikin. Da Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, bai jima ba ya ajiye kaki ya koma ga hauya.

Mu yara a lokacinmu mun san shi da tafiya a miƙe, da kirga mu da Faransanci in mun shiga gonarsa. Ba mu san cewa shekaru da dama yana firgita cikin barci yana ihu ba, Inna na zaune tana riƙe da hannunsa har asuba, ba ta taɓa kai zancen bakin rijiya ba. Shi kuma bai ɓoye abin da ke ransa ba. In ba ta da lafiya shi ke ɗebo mata ruwa, maza na dariya, ya ce wanda ya ɗauki harsashi a ka ba zai ji kunyar tulu ba. Ko kunu ba ya sha sai ya tambaya ko ta sha. A shekarun fari na 1973 da 1984, da mutane suka watse, sun zauna tare a gida, suna raba abin da ya samu da maƙwabta.

Sai maganar haƙƙinsa. Ran 26 ga Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojan ƙasashen da suka sami mulkin kai. Ma'ana, Bafaranshen da suka kwana rami guda kuɗinsa na ƙaruwa kowace shekara, na Baba kuwa yana nan inda aka bar shi. Wani tsohon sarjan na Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. An gyara wani sashe a 2007, aka daidaita sauran daga 1 ga Janairu 2011. Kafin nan yawancin abokan Baba suna ƙasa. Shi da kansa yakan ce nama ya zo bayan haƙora sun zube. Kuma da Inna ba ta tsare littafin nan daga gara da ruwan sama ba, da ko wannan bai samu ba, don ofis ba ya sanin mutum sai da takarda.

Abin da muke so ku riƙe ke nan. Littattafan tarihin da muke koyarwa a lakwal sun kawo sunayen janar-janar da ranakun yaƙi. Ba su kawo sunan matar da ta jira ba, alhali ita ta riƙe gida, ta riƙe mutum, ta riƙe shaida.

Don haka ƙungiya ta yanke shawara biyu. Na farko, duk gidan da ke da littafin soja, ko hoto, ko wasiƙa, a kawo lakwal mu kwafa mu mayar wa masu shi, kada a ƙunsa goro da tarihin kakanni. Na biyu, Inna na cikin takaba, wata 4 da kwana 10, ga girbi ya matso. Samarin gida za su yi mata gayya, ku kuma na ci-rani kowa ya aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun ma'aji. Wanda ya zo gida ya je ya gaishe ta, ya zauna ya saurara, don akwai sauran labari a bakinta.

Allah ya jiƙan Baba Soja, ya gafarta masa, ya ba Inna haƙuri da lafiya. Mu kuma Allah ya sa mu cika da imani. Amin.