Nimble: Tarihin Kalma a Harshen Ingilishi

Nimble siffa ce a Ingilishi da ake yi wa mai saurin motsi cikin sauƙin jiki, kamar akuya a kan duwatsu ko ɗan ƙwallon da ya iya yanka. Ana kuma siffanta mai kaifin basira da ita. A Hausa, zafin nama da hanzari ne suka fi kusa da ma'anarta.

Asalinta

Kalmar ta samo tushe ne daga Tsohon Ingilishi, harshen mutanen Ingila kafin Normawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066. A lokacin akwai aikatau niman, wato ɗauka ko kamawa, ɗan'uwan nehmen na Jamusanci da nemen na harshen Holan. Daga gare shi aka sami numol, mai saurin cafke abu, ko da hannu ko da hankali. Ke nan ma'anar farko ba ta shafi gudu ko tsalle ba, kamu ta shafa.

Daga ƙarni na 9, mutanen Sikandinebiya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, kalmarsu taka ta shiga bakin jama'a, ta zama take, sannu a hankali ta kori niman. Aikatau ɗin ya ɓace daga maganar yau da kullum, amma 'ya'yansa sun rayu. Ɗaya ita ce nimble, ɗayar kuma numb, wadda asalinta "kamamme" ne, shi ya sa ake faɗinta ga gaɓar da sanyi ya kama har ta daina ji.

Sauyin siga da ma'ana

A Ingilishin tsakiyar zamani ana rubuta ta nemel ko nymel, kuma a nan ne ma'anarta ta faɗaɗa zuwa saurin jiki gaba ɗaya. Harafin b daga baya ya kutso, domin harshe ya fi samun sauƙin wucewa daga m zuwa l idan b na tsakani. Haka ya faru da thimble, hular ƙarfe ta yatsan maɗinki. Shi kuwa nim, guntun da ya rage daga niman, ya koma kalmar sata a bakin 'yan tasha, kuma Shakespeare ya raɗa wa wani ɓarawon soja suna Nym a wasansa Henry V.

Amfani da ita a yau

Yaran Ingila da Amurka kan fara jin kalmar a wata tsohuwar waƙar reno game da yaro Jack mai tsallake kyandir. 'Yan jarida na yaba wa mai tsaron gida da ita, 'yan kasuwa kuma na faɗinta ga kamfanin da ke saurin sauya dabara.

Sai dai ba kullum yabon ke zama alheri ba. Masu masana'antu sun daɗe suna fakewa da cewa mata da yara sun fi saurin yatsu, wato yatsunsu nimble ne, don su ɗauke su aiki da ƙaramin lada, a saƙar darduma da harhaɗa kayan lantarki. A 1981 masana Diane Elson da Ruth Pearson suka wallafa maƙala a mujallar Feminist Review, suka nuna cewa wannan ƙwarewa ba halitta ba ce: 'yan mata kan koye ta tun a gida wajen ɗinki da makamantansa, kuma aiki ne da ya cancanci cikakken lada.