Aikin Jiki a Ƙasar Hausa, Da da Yanzu

Sanin kowa ne, kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, mutumin ƙasar Hausa ba ya rabuwa da aikin jiki tun daga ƙuruciya har tsufa. Kowane zango na rayuwa da irin aikinsa, kuma mutum ba ya barin ɗaya sai ya kama wani.

Yaro da ya tasa sai a tura shi kiwon awaki da korar tsuntsu a gona. In dare ya yi, ga farin wata, yara maza su yi langa a dandali, suna tsalle da ƙafa ɗaya, 'yan mata kuwa su yi gaɗa. Da ya zama saurayi sai ya shiga gayya, inda samarin gari ke taruwa su nome gonar mutum guda, makaɗi na zuga su. Bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai kokawa ta tashi tsakanin ƙauye da ƙauye, mahauta kuma su yi ta yawon dambe. Mata su ma ba su zauna ba, ga daka, ga niƙa, ga ɗiban ruwa a rijiya.

Amma babu inda ƙarfin mutanen da ya bayyana kamar fataucin Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da shi. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, har ya isa kasuwar Salaga, wadda ke cikin ƙasar Gana ta yau. Tafiyar watanni ce, kuma yawancin mutane a ƙasa suke yin ta. A kowane zango sai an sauke kaya, da asuba a sake ɗaurawa. A kan hanyar komowa kuma goro ba ya son sakaci, sai an riƙa kwance shi ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa masa ruwa. A cikin ayari guda akwai yaro mai kora jaki, da magidanci mai kaya, da jagaba a gaba, da madugu, wanda sau da yawa dattijo ne da ya san hanya tun yana yaro.

Tsufa ma bai zaunar da mutane ba. Dattijo yakan yi tufkar igiya da saƙar tabarma, ya kewaya gona, ya taka zuwa masallaci sau biyar a yini. Tsohuwa kuwa tana kaɗi, tana renon jikoki. Waɗansu ma sai da furfura suke kama hanyar Makka a ƙasa, su bi ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna tsayawa noma a hanya don neman guzuri.

To, sai zamani ya juya. Yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a 1892, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya motoci suka cika hanyoyi. An sami sauƙi mai yawa, amma aikin ofis da zaman kanti suka yawaita, tafiyar ƙasa ta ragu. Likitoci sun tabbatar cewa yawan zama yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya.

Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro ya motsa jiki minti 60 kowace rana, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da irin motsin da ke ƙarfafa ƙafafu, kwana 3 a mako, don gudun faɗuwa.

Abin da mutanen da suka samu a cikin sana'arsu, yanzu sai mutum ya neme shi da niyya. Mai karatu ya duba shekarunsa, ya zaɓi wanda ya dace da shi, ko noma, ko keke, ko takawa zuwa kasuwa, kada ya bari don tsufa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Allah ya ba da ita, amin.